Jan Goro a Bakin Mai Ciwon Suga

A bencin jiran likita a wani ƙaramin asibiti a Kabara, wata dattijuwa ta dubi tsohon da ke gefe.

"Malam, me ya kawo ka?"

"Suga, Hajiya. Amma likita bakina ya leƙa. Wai dasashina ya kumbura, jikina na ta fama da shi, shi ya sa sugan ya ƙi sauka."

"Kai ba ka ga jini ba?"

"Na ɗauka jan goro ne. Marigayiya matata ce ke ɓara min kullum da safe. In na tofar na ga jan nan, sai in ji kamar tana tsakar gida tana dariya."

"Allah ya jiƙanta. Amma ka bari a yi maganin bakin nan, Malam. Ita ba gaggawar ganinka take yi ba."