Hotunan Baban Falmata Suna Cikin Kwamfutar

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Falmata ce daga Jimeta.

'Yata tana so a sauya babbar manhajar kwamfutarta saboda makaranta. Na hana, don ta maƙwabcinmu da aka sauya wa ta yi ta zafi har ta mutu. Hotunan marigayi babanta suna cikin tamu, su kaɗai muka tsira da su daga Bama.

Ta ce, "Haba Inna, manhaja ai rubutu ce kawai!" Da girma na koyi karatu, amma na san rubutu ba ya ƙona takarda. To me ya ƙona ta maƙwabci?

Masu sani, ku taimaka min. Na kulle kwamfutar a akwati, ga jarrabawar yarinya ta matso.