Ina suke kai jinina?

Salamu alaikum Malam mai shiri. Ni ne Ɗan Ladi na Yekuwa, wanda ba a taɓa kayarwa a kokowa ba. Yanzu gwiwoyina da yatsuna sun kumbura, da safe ko igiyar guga ba na iya ja.

Na je likita, dokotoro ya zuƙi jinina a hannu, wai analiz, wato gwajin jini, zai nuna kumburin. Na ce, "Dokotoro, ciwo na gwiwa, me ya kai ka hannu?" Ya yi dariya, ya ce in komo a ƙara ɗiba.

Ni dai ina zargin ragwaye suke ɗura wa jinin nawa! Jama'a, in koma? Damina ta matso, hauya ta ƙi riƙuwa. Kuma duk wanda aka ƙara wa jini ya tashi yana neman kokowa, ya sani nawa ne.