Baron da Ba Ya Cin Harawa

Shugaban taro, mai girma wakilin Hakimi, dagatai da masu unguwanni, limamai da fastoci, shugabannin ƙungiyar manoma ta Batsari da Safana, iyayena mata, da 'yan'uwa da suka yi sammako daga Runka a kan babura, assalamu alaikum.

Ni ne Shafi'u, mai gyaran babura a bakin tashar Safana. Ina godiya ga ƙungiya da ta damƙa mini wannan baro mai batir tun kakar bara, ta ce in koya in koyar, ina kuma godiya gare ku da kuka bar aikinku kuka zo.

Ranar da aka sauke shi daga mota, Baba Lado, wanda ɓarayin daji suka kore wa shanun huɗa, ya zagaya shi sau uku, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Shafi'u, wannan dabba me take ci?" Na ce wutar sola. Ya ce, "To in ta yi gardama, ta ina ake riƙe ta?" Aka yi dariya. Sai da na kwance shi na ɗaure, na tura shi a tudu, na tura shi a rairayi. Abin da na gano shi na kawo muku.

Na farko, kafin a fita. A yi cajin batir a inuwa, da cajarsa ta asali, nesa da kara da harawa. In ya kumbura, ko ya yi zafi, ko aka ji ƙauri, a zare waya. A duba iskar taya, a ɗaure noti, a gwada birki tun baro yana wayam.

Na biyu, lodi. Nauyin da yake ɗauka yana rubuce a jikinsa. A kwantar da kaya bisa taya, a ɗaure, kada tsayinsu ya tare wa mai turawa gani. Kuma ba a ɗaukar mutum.

Na uku, gangara, kuma nan zan daɗe. Ga Ubale can zaune da sanda, shi ya ce in faɗa. Yana kwasar gyaɗa da wannan baro a gonarsa ta bayan Runka, sai aka ce an ji ƙarar babura a bakin daji. Ban ga laifin tsoronsa ba, duk mun san wannan tsoro. Kayan sawu biyu ya haɗa a sawu ɗaya, ya nufi gangarar rafi, ya murɗa totur. Baro ya fi ƙarfinsa, ya ja shi, ya kife masa a ƙafa. Maƙwabcinsa Daniel ya rugo zai ɗaga, taya kuwa tana ta juyi. Baiwa, matar Ubale, ta ce, "Daniel, dakata, zare makullin tukuna." Ita ranar da na koya wa mutane aiki da baron tana bayan maza tana saurare. Da ba ta faɗa ba, da mutum biyu aka kai wa mai ɗori. Mako shida Ubale yana kwance, dawarsa tana tsaye a gona tsuntsu na sha. Sauri ya haifi nawa. A gangara a sa ƙaramar giya, a tafi da takun tsoho, yatsu a kan birki, kada kowa ya tsaya a gaba.

Na huɗu, ruwa da makulli. Ruwan da zai taɓa akwatin batir kada a shiga. Duk inda aka tsaya, ko shan fura ne, a zare makulli a sa aljihu.

Akwai abin da har yau ban sani ba. Shekara nawa batirin zai yi? Yaya zai yi da lakar Agusta? Wanda ya riga ni ganowa ya biyo tasha ya koya mini, matambayi ba ya ɓata. In an tashi, kowa ya matso ya taɓa, ya tambaya, ya tura, iyaye mata su fara.

Allah Ya ƙara wa Ubale lafiya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah Ya nuna mana kakar da za mu kwashe amfanin gona a natse, ba mai waige.

Na gode.