Abokin Zama Ga Kifin Faɗa

A shagon kifin ado, wani dattijo ya daɗe yana kallon wani jan kifi mai doguwar jela. Wata mata da ke jiran mai shago ta matso.

"Baba, wannan kifin faɗa ne fa. Kana da wani a gida?"

"Ina da shuɗi irinsa. Abokin zama nake nema masa."

"Maza biyu a tanki ɗaya? Kafin ka juya baya sun yayyaga juna. Ko wani kifi mai doguwar jela mai launi kada ka haɗa shi da shi, ɗauka zai yi abokin hamayyarsa ne. Ka nemi waɗancan ƙananan masu kiwo a ƙasa, guda shida, ko dodon koɗi. Ba ruwansu da shi."

"Ni dai na ga ya daina cin abinci, 'yata. Kaɗaici ne."

"Shi wannan kifin ba ya kaɗaici. Yaushe rabonka da canja masa ruwa?"

Dattijon ya murza hularsa.

"Mai ɗakina ce ke yi. Wata huɗu ke nan da rasuwarta."

"Allah ya jiƙanta. To ruwan ne, Baba. Ka rage kashi ɗaya cikin huɗu, ka zuba sabo. Idan ya warware, sai a yi maganar abokan zama."

"Ban san yadda take yi ba."

Matar ta ajiye jakarta a kan kanta.

"Ara mana bokiti, mai shago. Matso, Baba, in nuna maka."