Mutumin da Ya Bar wa Akwanga Wutsiyarta

Da sunan Allah nake farawa. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta. Shugaban ofishinmu na ayyukan hanya, shugabannin direbobi, uwargidan marigayi Inna Sailuba da 'yarku Dijatu, da sauran jama'a: sannunmu da rashin Malam Ashafa mai rubutun allon hanya.

Da aka zaɓe ni, Zuwairatu, in yi magana, na ɗauka an manta ne cewa ni na raba shi da aikinsa. Aka ce a'a, ana sane.

Ya kasance mutumin da dukkanmu muka karanta rubutunsa ba tare da mun san sunansa ba. Ya taso ya tarar da allunan zamanin Turawa, haruffa manya zalla, a tsaye kamar 'yan sanda a fareti. Shi ya goge mil ya rubuta kilomita. A 1976, da aka raba Binuwai da Filato, shi ya bi hanyoyi da tsani da gwangwanin fenti yana sanar da mu jihar da muka wayi gari a ciki. A lokacin ne ya sauya hannu: babban harafi ɗaya a farko, sauran ƙanana, da tazara tsakaninsu.

Ya kasance ba ya yarda da allo har sai ya shiga gaban babbar mota an wuce da shi a guje, ya gani da idonsa. Abokin gwajinsa shi ne Iorchia, direban doya, ga shi can zaune. Iorchia bai yi makaranta ba, amma bai taɓa ɓata ba. Siffar suna yake dubawa. Makurdi mai ƙaho biyu ce, wato k da d, Akwanga mai wutsiya, wato g.

Sai ni na dawo daga jami'a da digiri, aka ba ni tebur a ofishin. Na rubuta takarda mai shafi huɗu cewa rubutun hannu ƙauyanci ne. Aka sallami Malam Ashafa, wani kamfani ya kawo alluna masu ƙyalli, haruffa manya zalla, kansu ɗaya. Sun yi kyau ƙwarai a hoto. Abin da ban lura da shi ba: Makurdi, Akwanga da Shendam, kowanne harafi bakwai ne. Daga saman mota, tubali bakwai ne a jere.

Ba a yi sati ba Iorchia ya faɗo ofis da gumi. Ya ce, "Madam, kai ne ka yanke wutsiyar Akwanga? Doya na Jos ne, na kai shi rabin hanyar Shendam!"

Na ce masa ya koyi karatu.

Malam Ashafa bai taɓa yi mini gori ba. Ya dai ce, "'Yata, a zaune kika karanta allon nan, ko a guje?" Ban amsa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ya kasance mai haƙurin da ya fi ƙarfin digirina. Ya koma rubuta bayan motoci da allon masu aski, kuma ko allon mai aski sai ya tsallaka titi ya duba shi daga nesa.

Inna Sailuba, mu ne muka rage masa shekarun aikinsa, ba ciwon ido ba kamar yadda aka faɗa. Dijatu, ki riƙe wannan: mahaifinki ya san wa yake rubuta wa, mu ba mu sani ba.

Allonsa ɗaya ya rage a tsaye, na mararrabar hanyar Awe. Yanzu da muka sami sabuwar jiha tamu, ana share gari don baƙi, kuma takardar cire shi tana kan teburina tun ranar Litinin. Yallaɓai shugabana, gara ka ji daga bakina a gaban shaidu: ban sa hannu ba, kuma ba zan sa ba. In dole ne a cire, a fara tambayar Iorchia.

Mun gode wa direbobi da suka ajiye motocinsu yau, mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam Ashafa, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa dangana. Ni kuma da na zo da amsata a makare, cewa a zaune na karanta allon, Allah ya yafe mini. Amin.