Gaban Ayari Na Baba Audi Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, Ustaz Alamin. Mai girma Umda, mai gari. Malamanmu da limamanmu. Iyayenmu mata da sunka riga mu isowa da gurasar kisra da gahawar jabana. 'Yan'uwana na Ƙungiyar Masu Keke ta Mai Wurno, masu sabbin ajaloli, wato kekuna, da masu waɗanda sai an roƙe su kafin su tashi. Jama'ar Makwar da kunka ba mu inuwa: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ɗauke damina lafiya, ya kawo mu kaka lafiya, ya tashe mu daga Mai Wurno mu talatin da biyu, ya sauke mu nan mu talatin da biyu. Ni Bilyamin mai albasa anka ce in yi jawabi, wai don bakina ya saba da ciniki. To, yau ba albasa na kawo ba, amma in ido ya yi ruwa kada a ɗora mini laifi.

Magana ta farko, hanya. Kun ga yadda kogi ya ja baya ya bar laka mai kyau, manoma sun bi shi da shuka. Kun ga dawa ta sunkuyar da kai, riɗi a ɗaure, ayaba ta leƙo kan hanya kamar tana gaisuwa. Abin da mota ke cinyewa kafin a gama shan shayi, mun ja shi tun hantsi har azahar. Wanda ya ce mun yi jinkiri, a gaya masa mu ba tsere munka fito ba. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Magana ta biyu ita ce ta tsayar da ni. Baƙi ba su san dokarmu ba: wanda ya fi kowa shekaru shi ke gaba, kuma ba a wuce shi. Ko tayarka ta fi tasa, ko ƙafarka ta fi tasa, hancin kekenka bai wuce nasa. Shekara goma sha ɗaya gaban nan na Baba Audi ne. Amma a makon jiya kwamiti ya kawo shawara, cikin ladabi da zaƙin baki, cewa daga baɗi a sa Baba a raksha, keke mai inji mai taya uku, ya riga mu zuwa, ya zauna kan kujera yana jiranmu. Anka kira abin karramawa. Ya jama'a, ni ɗan kasuwa ne. Na san yadda ake yabon kaya in ana son a sauke su daga kan tebur.

Dalilin kwamiti ba ƙarya ba ne, ko da ba wanda ya iya furta shi. Idon Baba ya yi rauni. Ni na fara ganewa tun damina, ranar da ya tsaya gaban rumfata ya yi wa buhun albasa sallama. Na amsa a madadin buhun, ban gaya wa kowa ba. Wa zai dubi dattijo ya ce masa ba ka gani? Wa zai shiga gabansa ya nuna masa hanya, alhali doka ta hana? Ɗa ba ya iyawa, ƙane ba ya iyawa, shugaba ma ba ya iyawa.

Mutum ɗaya ne a duniyar nan ke da wannan izini: taubashinsa, Abdulmuttalib, ɗan kawunsa, wanda tun suna yara ba su gaisawa sai da zagi. Yau da safe ya matso da kekensa gefen Baba, taƙi ɗaya a baya, bai wuce ba. Kuma kun ji abin da kunka ji.

"Tsohon banza, yi dama! Ramin nan ya fi ka hankali."

"Taka birki, ya zol, kai ɗan taliki, jaki na gaba, kada a rasa gane wane ne wane."

"Gadar tur'a ce, hanyar ruwan gonaki, miƙe sak, in ka faɗa kifi ma ba su cin ka."

Baba kuwa na mayarwa: "Bawan gidanmu, wa ya ba ka baki?" Kuna ta dariya a baya, kun ɗauka wasan taubasai ne. Wasa ne. Amma ni ina kusa, na lura: duk zagi ɗaya rami ne, ko kwana, ko reshen ƙaya. Wallahi Abdulmuttalib bai kalli kogi ba ko sau ɗaya, bai kalli gona ba. Idonsa na kan tayar ɗan'uwansa har muryarsa ta dushe. Ku dube shi can, jabana ma da ƙyar take wuce masa.

Da munka sauka, Baba ya kama hannuna ya ce, "Bilyamin, in ka tashi magana ka faɗa musu. Na gaji da ɓoyo, kuma na san kun sani. Amma ka ƙara da cewa yaron can bai iya aiki ba, sau biyu yana ce mini dama alhali hagu ce." Abdulmuttalib ya ce, "Da gangan ne, gadon keken nake so."

Saboda haka magana ta uku gajera ce, roƙo ce. Ustaz Alamin, 'yan kwamiti, kun yi don tausayi, Allah ya saka muku. Amma akwai tausayin da ke ɗauke wa mutum kaya, akwai wanda ke ɗauke masa ƙafa. A janye maganar raksha. A bar wa Baba gabansa muddin ƙafarsa na juya feda, muddin bakin taubashinsa na motsi. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu.

Baba Audi, na san ba ka ganin hannuwan nan. Bari in duba maka, ka san ban taɓa yi maka algus a mudu ba. Babu ko ɗaya a ƙasa. Hajiya Sabuwa, uwargidanka, biyu ta ɗaga.

Allah ya ƙara wa Baba haske. Allah ya mayar wa Abdulmuttalib muryarsa kafin baɗi. Allah ya albarkaci kakarmu da koginmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da mu gida kamar yadda munka zo, babba a gaba, mu a baya.

Na gode.