Mai Gadin da Bai Waiwaya Ba

A cikin kwalekwalen abra mai tsallakawa daga Bur Dubai, wata 'yar kasuwar Kano ta dubi saurayi ɗan Gana da wayarsa ke tashin kiɗa da tafi.

"Ɗana, rage mana. Jita sai kuka take kamar gidan mutuwa."

"Yi haƙuri, Hajiya. Wasan wasu tsofaffin Amurkawa ne da aka ɗauka a garin nan. Ina wurin, ina gadi a gindin dandamali."

"Ashe ka sha kallo kyauta."

"Ƙeya na ba su. Dokar aikin ke nan: idonka kan jama'a, ka waiwaya, khalas, shi ke nan an kore ka. Kin ji inda ihu ya tashi? Tsohon mai jitar ne ya sauko, ya tsaya daf da bayana yana kaɗawa. Har numfashinsa nake ji, oga kuma yana kallona."

"Ba ka juya ba?"

"Ko kaɗan. Bara tsohon ya rasu."

"Allah sarki. To, ai ka tsira da aikinka."

Saurayin ya zuba wa ruwa ido.

"Wata bai zagayo ba suka sallame mu duka."

Da suka kusa gaɓa, sai Hajiya ta ce:

"Mayar da shi baya, ɗana. Wurin ihun nan."